Shari'ar Allah da Ceto a Bangaskiyar Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa duk lokacin da aka taɓo zancen Ranar Shari'a: daga sabon tuba, daga wanda ya girma cikin ikkilisiya amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, daga wanda ya binne nasa yana tunanin makomarsa. Inda Kiristoci suka yarda baki ɗaya na faɗa, inda suka rabu na nuna. Ayoyin da na ambata, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta su tare da abin da ke gabansu da bayansu.

Me ake nufi da shari'ar Allah?

Ana nufin akwai ranar da Allah zai tara 'yan Adam kaf, masu rai da matattu, kowa ya ba da lissafin rayuwarsa. Ibraniyawa 9:27 ta taƙaita zancen: mutum sau ɗaya yake mutuwa, bayan haka sai shari'a. Wahayin Yahaya sura 20 ya zana hoton filla-filla: babban farin kursiyi, matattu manya da ƙanana a tsaye, an buɗe littattafai, har teku ta dawo da waɗanda ta haɗiye. Abin da za a bincika ya wuce aikin hannu. Akwai maganar baki (Matiyu 12:36), akwai asirin zuciya (Romawa 2:16), akwai kuma alherin da mutum ya sami zarafin yi ya kau da kai.

Wannan ba koyarwar ɗarika ɗaya ba ce. Shaidar bangaskiyar da aka tsara a taron Nikiya a shekara ta 325, aka faɗaɗa ta a Kustantiniya a 381, tana cewa Almasihu zai dawo ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Katolika da Otodoks da yawancin Furotesta har yau da ita suke furta bangaskiyarsu.

Wa zai zauna a kujerar alƙali?

Yesu Almasihu. Shi da bakinsa ya ce Uba ya danƙa dukan shari'a a hannun Ɗan (Yahaya 5:22). Bulus ma, da ya tsaya gaban masana a Atina, ya gaya musu Allah ya tsai da ranar da zai yi wa duniya shari'ar adalci ta hannun mutumin da ya naɗa, shaidar naɗin kuwa ita ce ya tashe shi daga matattu (Ayyukan Manzanni 17:31).

In ka riƙe wannan amsa, rabin tambayoyin da ke ƙasa sun yi sauƙi. Alƙalin ya san yunwa da gajiya, ya san gwaji, ya san zafin cin amanar aboki. An taɓa gurfanar da shi gaban majalisar Yahudawa da gaban gwamna Bilatus, aka kawo shaidun zur, aka yanke masa hukuncin da bai cancanta ba. Saboda haka ba mai iya ce masa, "Ba ka san halin da na shiga ba." Ba kuma mai iya ruɗinsa, ko ya ba shi toshiyar baki, ko ya yi masa kwarjini. Hannun da zai buɗe littattafan nan, shi ne hannun da aka buga wa ƙusa. Duk abin da Kirista yake faɗa a kan shari'a da ceto a nan ya rataya: wanda zai yanke hukunci shi ne wanda ya riga ya ɗauki hukuncin.

Yaushe ranar za ta zo?

Ba wanda aka gaya wa. Yesu ya ce ranar da sa'ar ko mala'ikun sama ba su sani ba (Matiyu 24:36). Duk da haka mutane ba su daina lissafi ba. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba, 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Mai wa'azin rediyo Harold Camping ya sa 21 ga Mayu, 2011, daga baya shi kansa ya amsa ya yi kuskure. Abin baƙin cikin shi ne bangaskiyar raunana da ke karyewa bayan irin wannan. Duk wanda ya kawo maka rana da wata, ka toshe kunne, komai zaƙin bakinsa. Jinkirin kuwa Bitrus ya faɗi dalilinsa: haƙuri Ubangiji yake yi, ba ya so kowa ya hallaka (2 Bitrus 3:9).

In Allah ƙauna ne, don me zai hukunta mutane?

Tambayi wanda aka kashe wa ɗa, mai kisan kuma yana yawo a sake. A wurinsa, jin cewa akwai alƙalin da ba a saye labari ne mai sanyaya zuciya. Shi ya sa a Zabura 96 da 98 itatuwan jeji da koguna da duwatsu suke murna domin Ubangiji yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Allahn da zai ga zalunci ya nuna halin ko-in-kula, ba za a kira shi mai ƙauna ba. Fushinsa kuma ya bambanta da namu da ke tashi kamar wutar kara. Ƙi ne tabbatacce ga duk abin da ke lalata halittarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, dukanmu muna so a hukunta azzalumi, muna mantawa cewa a labarin wani mu ne azzaluman. Romawa 3:23 ba ta ware kowa ba. Amma ka dubi zuciyar alƙalin. A Ezekiyel 33:11 ya rantse da ransa cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so mugun ya juyo ya rayu. Ya aiki Yunusa Nineba da wa'adin kwana 40, mutanen suka tuba, ya janye hukuncin. Yesu kuma da ya hango Urushalima, ya san abin da zai same ta, kuka ya yi (Luka 19:41). Duk mai wa'azin da ke maganar wuta yana jin daɗi, ba daga Ubangijinsa ya koyi wannan ba.

Mene ne ceto, kuma daga me ake ceton mutum?

Ceto kuɓuta ce daga zunubi da abin da zunubi ke jawowa: laifi a gaban Allah, bautar mugun hali, mutuwa, da rabuwa da Allah har abada. Sabon Alkawari yana maganarsa a lokuta uku. An riga an cece mu: wannan ita ce baratarwa, wato alƙali ya wanke mai laifi ya karɓe shi saboda Almasihu. Ana cikin cetonmu: wannan ita ce tsarkakewa, aikin Ruhu Mai Tsarki na sake halin mutum sannu a hankali. Za a kuma cece mu ranar tashin matattu, sa'ad da jiki ma zai sami fansa. Ƙarshen labarin a Wahayin Yahaya 21 sabuwar sama ce da sabuwar ƙasa, Allah yana zaune tare da mutane, yana share hawaye, ba sauran mutuwa.

Me ya hana Allah ya yafe kawai? Don me sai da Yesu ya mutu?

Yafiya tana da tsada, mai yafewa ne kuma ke biya. In wani ya ci bashinka ka ce ka yafe, kuɗin ba su dawo ba, kai ne ka ɗauki asarar. Alƙalin da ya saki mai laifi don tausayi kawai kuwa ya zalunci wanda aka cuta. Karin Magana 17:15 ta ce mai wanke mugu abin ƙyama ne ga Ubangiji. To yaya Allah zai wanke mai zunubi ya kuma ci gaba da zama mai adalci? Romawa 3:25-26 ta ce gicciye ne amsar.

Tsohon Alkawari ya daɗe yana share fage. Akwai ɗan ragon Idin Ƙetarewa. Akwai Ranar Kafara a Littafin Firistoci 16, inda babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara da jini, a kuma ɗora zunuban jama'a a kan bunsuru a kora shi jeji. Sai Ishaya 53, bawan Ubangiji da aka soke saboda laifofinmu. Manzanni sun ga duk waɗannan sun cika a kan Yesu.

Wani zai ce, ai zalunci ne a hukunta marar laifi a madadin mai laifi. Da wani bare aka kamo aka tilasta masa, da lalle zalunci ne. Amma Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi da kansa (Yahaya 10:18), Bulus kuma ya ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa (2 Korintiyawa 5:19). Mai bin bashin ne ya biya. Koma ka duba amsar wanda zai zauna a kujerar alƙali. Tashinsa a rana ta uku kuwa shaida ce cewa an karɓi biyan, shi ya sa Bulus ya ce in ba a ta da Almasihu ba, har yanzu muna cikin zunubanmu.

To me zan yi in sami ceto?

Tambayar da mai tsaron kurkukun Filibi ya yi wa Bulus da Sila ke nan da tsakar dare, jikinsa na rawa. Suka ce ya gaskata da Ubangiji Yesu, zai sami ceto (Ayyukan Manzanni 16:30-31). Ranar Fentikos kuma Bitrus ya ce wa taron su tuba a yi musu baftisma, mutum wajen 3,000 suka karɓa. Tuba da bangaskiya ba sa rabuwa. Tuba juyowa ce, ka yarda da abin da Allah ya faɗa a kan zunubinka ka ba zunubin baya. Nadama kaɗai ba ta isa ba, Yahuza da ya ci amanar Yesu ma ya yi nadama. Bangaskiya kuma ta wuce yarda cewa akwai Allah, domin Yakubu a wasiƙarsa ya ce aljanu ma sun yarda. Dogara ce, ka saki duk abin da kake taƙama da shi ka kama Almasihu.

Ba wata addu'a ta musamman da sai ita. Mai karɓar haraji a misalin Yesu ya tsaya daga nesa, ko ɗaga ido sama bai iya ba, ya roƙi Allah ya ji tausayinsa shi mai zunubi, ya koma gida baratacce (Luka 18:13-14).

Ba auna ayyuka za a yi ba, in nagari sun rinjayi mugaye mutum ya tsira?

Mutane da yawa haka suke zato, har cikin masu zuwa sujada, amma ba haka Sabon Alkawari ya koyar ba. Aikin kirki wajibi ne da ma yana kanka, ba rara ba ce da za ka biya tsohon laifi da ita. Mai kisan kai ba ya kuɓuta a kotu don ya lissafa marayun da ya taimaka. Shi ya sa Bulus a Afisawa 2:8-9 ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Matsayin ayyuka yana cikin amsa ta gaba.

Amma Yakubu ya ce bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Ya saɓa wa Bulus ke nan?

Ciwo biyu dabam suke yi wa magani. Bulus yana fama da masu cewa sai an yi kaciya an kiyaye Shari'ar Musa kafin Allah ya karɓi mutum. Yakubu yana fama da masu cewa "mun ba da gaskiya" alhali suna sallamar ɗan'uwa mai yunwa da fatan alheri na fatar baki. Dukansu sun kawo Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci. Bulus ya nuna an karɓe shi tun kafin ya yi kaciya, Yakubu ya nuna bangaskiyar nan ta fito fili shekaru bayan haka, da ya miƙa Ishaku. Ba 'ya'ya ke ba itace rai ba, amma da su ake gane yana da rai. A misalin tumaki da awaki a Matiyu 25, masu adalcin ba su ma san sun yi abin kirki ba, tambaya suke yi, yaushe muka gan ka da yunwa? Mai tara lada da lissafi ba ya manta abin da ya yi.

A kan wannan batu ikkilisiya ta sha muhawara mai zafi. Wani malami mai suna Felagiyus ya koyar cewa mutum na iya yi wa Allah biyayya da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya ƙi, taron Kartaj na 418 ya yi watsi da koyarwar. A 1517 Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Jamus yana sukar sayar da takardun sassauta horon zunubi, daga nan aka kai ga taken Furotesta, "ta bangaskiya kaɗai". Taron Katolika na Tirent ya amsa a 1547 cewa alheri ne ke fara komai, amma baratarwa ta haɗa da sabunta mutum a ciki, shi ma yana ba da haɗin kai. Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, Katolika da tarayyar Lutaran ta duniya suka sa hannu cewa ta alheri kaɗai, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu. Tazarar ta ragu, ko da yake ba ta rufe ba.

In an riga an cece ni, zan sake tsayawa gaban shari'a?

I, za ka tsaya. Masu bi Bulus yake rubuta wa da ya ce dole dukanmu mu bayyana gaban kursiyin shari'a na Almasihu (2 Korintiyawa 5:10). Amma Romawa 8:1 ta ce ba sauran hukuncin hallaka ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, Yahaya 5:24 kuma ta ce mai ba da gaskiya ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. Abin da ya rage gwajin aiki ne. A 1 Korintiyawa 3 an kwatanta shi da gini a kan harsashi ɗaya: wani ya yi da zinariya da azurfa, wani da itace da ciyawa da kara, wuta ce za ta gwada. Wanda aikinsa ya ƙone zai yi asara, shi kansa zai tsira, amma kamar wanda ya tsallako ta cikin gobara. Wannan aya tana taɓa ni ƙwarai, domin da masu hidimar Ubangiji take magana.

Jahannama gaskiya ce? Wuta ce ta zahiri?

Ba wanda ya yi gargaɗi a kanta a Sabon Alkawari kamar Yesu. Kalmar da ya fi amfani da ita, Gehenna, daga sunan Kwarin Hinnom take, kudu da Urushalima, inda a zamanin sarakuna aka ƙona 'ya'ya hadaya ga gunkin Molek, har sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don a daina (2 Sarakuna 23:10). Ya kuma kira ta baƙin duhu, wurin kuka da cizon haƙora. Malamai da yawa, har da Jon Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta na farko, sun ɗauki wutar a matsayin kwatanci. Kada wannan ya sa ka saki jiki, ai sai abu ya fi ƙarfin baki ake neman kwatanci. Tushen azabar shi ne abin da 2 Tasalonikawa 1:9 ta faɗa, a raba mutum da fuskar Ubangiji.

Game da tsawonta, mafi yawan ikkilisiya tun da can sun riƙe cewa ta har abada ce, suna nuni da Matiyu 25:46, inda kalma ɗaya ta siffanta hukuncin da ran duka. Waɗansu suna ganin "hallaka" da "mutuwa ta biyu" na nufin mugaye za su shuɗe ɗungum. Malamin Angilikan John Stott ya nuna karkata ga wannan a 1988. Ra'ayi na uku, cewa a ƙarshe kowa zai tsira, ana danganta shi da Orijin na Iskandariyya, an kuma yi watsi da shi a ƙarni na 6. Ni ina tare da fahimta ta farko, da nauyin zuciya. Hukuncin kuma ba kai ɗaya ba ne: bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan (Luka 12:47-48).

Waɗanda ba su taɓa jin bishara ba fa? Jarirai fa?

Abu biyu ne tabbatattu. Ba ceto ta wurin wani sai Almasihu (Ayyukan Manzanni 4:12). Allah kuma ba zai zalunci kowa ba. A kan wannan Ibrahim ya tsaya da yake roƙo saboda Saduma, ya ce ashe Alƙalin dukan duniya ba zai yi daidai ba? Romawa 2 ta ce wanda bai sami rubutacciyar doka ba, ba da ita za a yi masa shari'a ba, akwai wadda ke rubuce a zuciyarsa, lamirinsa yana shaida.

Daga nan aka rabu. Waɗansu sun ce dole mutum ya ji ya gaskata tun yana da rai, suna riƙe da Romawa 10:14. Waɗansu sun ce Almasihu na iya ceton wanda bai san sunansa ba amma ya nemi jinƙan Allah da ɗan hasken da ya samu, kamar yadda Ibrahim da Musa da Dawuda suka tsira ta gicciyen da ba su gani ba. Taron Batikan na Biyu, babban taron Katolika, ya bayyana irin wannan a 1964. Ko wanne ka bi, umarnin kai bishara ga dukan al'ummai yana nan daram.

Ku iyayen da kuka binne jariri, ku sa zuciya. Da ɗan Dawuda ya rasu, Dawuda ya ce shi zai je wurin yaron (2 Sama'ila 12:23). Yesu ya ji haushi da almajirai suka hana yara zuwa wurinsa, ya rungume su ya ce Mulkin Allah na irinsu ne (Markus 10:14-16). A hannun wannan Yesu ɗanku yake.

Cuta ko masifa alama ce Allah yana hukunta mutum?

Kada ka yi saurin faɗin haka. Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba, sai ya juya ga masu sauraro ya ce su tuba (Luka 13:4-5). Abokan Ayuba sun nace cewa wahalarsa sakamakon zunubi ce, ƙarshenta su Allah ya tsawata wa. Gaskiya ne abin da mutum ya shuka shi zai girba, Allah kuma yana horon 'ya'yansa, amma wannan don ka binciki kanka ne. Kada ka mai da shi sandar dukan wanda ke kwance.

Mai bi zai iya rasa cetonsa?

A nan masu tsoron Allah sun rabu, kowa da ayoyinsa. Magadan Kalbin, a taron Dort na 1618 zuwa 1619 a Holan, sun ce wanda Allah ya zaɓa ya kira zai riƙe shi har ƙarshe: ba mai ƙwace tumakin daga hannun makiyayin (Yahaya 10:28), wanda ya fara aikin zai gama (Filibiyawa 1:6). Almajiran Arminiyus, wani malamin Furotesta ɗan Holan, daga baya kuma Jon Wesli da Metodis, sun ce gargaɗin Ibraniyawa 6 da 10 ba wasa ba ne, mutum na iya juya baya da gangan. Katolika na koyar cewa babban zunubi yana raba mutum da alheri, tuba kuma tana mai da shi.

Amma ka dubi inda suka haɗu. Ba ɗayansu da ke ba mai zaman zunubi da gangan izinin kwantar da hankali. Yesu ya ce ba duk mai ce masa "Ubangiji, Ubangiji" ne zai shiga ba. Ba kuma ɗayansu da ke cewa faɗuwa ta rufe wa mai tuba ƙofa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka mai da shi. In mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta (1 Yahaya 1:9). Lura da "mai adalci" a nan: tunda an biya, gafarar ma adalci ce, kamar yadda aka bayyana a amsar mutuwar Yesu.

Ina tsoron ko na yi zunubin da ba a gafartawa. Yaya zan sani?

Karanta Markus 3:22-30 tun daga farko. Malaman Attaura sun ga Yesu yana fitar da aljanu da ikon Ruhu Mai Tsarki, ido buɗe suka ce aikin Shaiɗan ne. Taurin zuciya ke nan na wanda ya ga haske ya kira shi duhu ya kafe a kai. Mugun tunanin da ya faɗo maka ba ka so ba, ko kalmar da ta suɓuce cikin fushi, ba su ne ake nufi ba. Bulus ya kira kansa mai saɓo a da, aka yi masa jinƙai (1 Timoti 1:13). Wanda ya kai wancan hali ba ya damuwa, ba ya neman gafara. Kai kuwa kana nema, Yesu kuma ya ce mai zuwa wurinsa ba zai kore shi ba ko kaɗan (Yahaya 6:37).

Wanda ya tuba a bakin mutuwa bayan ya gama ɓarna, za a karɓe shi?

Za a karɓe shi, in tubar gaskiya ce. Na san wannan yana yi wa waɗansu zafi, musamman wanda aka cuta. Yesu ya san da zafin, shi ya sa ya ba da misalin ma'aikatan gonar inabi, inda waɗanda aka ɗauka saura sa'a ɗaya a tashi suka sami dinari ɗaya daidai da masu wuni a rana (Matiyu 20). Gafarar ba ta ce ɓarnar ƙarama ce ba, nauyinta a kan Almasihu ya sauka. In kuma mai tuban yana da sauran hali, sai ya mai da haƙƙin mutane, kamar Zakka da ya yi alkawarin biya ninki huɗu. Wanda kuwa ya ce bari ya ci duniya tukuna, yana caca da abu biyu da ba sa hannunsa: ranar mutuwarsa, da zuciyar da za ta iya tuba bayan ta shekara da shekaru tana taurarewa.

Misalin da aka ba mu na mutumin da aka gicciye kusa da Yesu ne (Luka 23:39-43). Su biyu ne, ɗaya zagi ya yi ta yi. Ɗayan ya amsa cewa hukuncin da aka yi masa daidai ne, ya kuma shaida Yesu bai yi laifin komai ba. Hannuwansa a kafe suke, ba halin aikin lada, ba halin baftisma, ba halin mai da abin da ya ƙwata. Abu ɗaya ya roƙa, Yesu ya tuna da shi sa'ad da ya shiga mulkinsa. Wanda za a tsaya gabansa Ranar Shari'a yana rataye a gefensa, jini na zuba, ya amsa masa cewa a ranar nan zai kasance tare da shi a Firdausi.